Ba a Cinikin Biri a Sama

Jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Idu da hantsi, ana yayyafi. Na ba ɗana Auta kujerar bakin taga don ya sha kallo, amma har muka wuce Kubwa bai ɗaga kai daga waya ba. Masara ta yi goyo dama da hagu, Fulani na kora shanu cikin ruwa da malafa a ka, shi kuwa yana ta harbin wasu mutanen cikin gilashi da babban yatsa. Shekararsa 12. A Abuja aka haife shi, kuma in kakarsa ta bugo waya daga Zariya, tana yi masa Hausa yana mayar mata da Turanci, har ta gaji ta ce a miƙa wa uwarsa.

Uwar tasa ce ma ta haddasa tafiyar. Tun kafin a ba da dogon hutu take turo mini hotunan talla ta WhatsApp: wuraren da ake tara yara a Kaduna, mako uku ko huɗu, a koya musu kaza da kaza. Ta ce in tura kuɗi ta banki kawai a riƙe masa gurbi kafin a cika. Na ce mata ba a cinikin biri a sama. A Kaduna aka yanke mini cibiya, yayata tana nan Unguwar Dosa, me zai hana in ɗauki hutun kwana huɗu in je in gani da idona?

Da muka wuce Katari muka doshi Rijana, hirar cikin tarago ta yi sanyi. A wannan tsakanin ne 'yan bindiga suka tare jirgi a daren 28 ga Maris, 2022, suka kashe wasu, suka kora wasu daji, layin da aka buɗe a 2016 ya tsaya cak har watan Disamba. Ba wanda ya ambaci maganar. Wata dattijuwa dai ta ciro carbi daga jaka. Duk uban da ya fito neman inda ɗansa zai wuni ko ya kwana a jihar nan, da irin wannan shirun yake tafe, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

A Rigasa direbobi suka yi mana caa, kowa na jan jaka. Muka bi ta Bakin Ruwa, muka hau titin bayan gari har Mando, sannan sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a farkon 2022, wadda ta canja wa wurin kama har na kusa ɓata a unguwar da na yi wasan ƙasa. Yaya ta tare mu a ƙofar gida, ta kama kunnen Auta tana yi masa tsiyar ya manta da gwaggonsa. Da dare, muna kan tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, ta tambayi abin da ya kawo mu.

"Sama-kam zan shiga, Gwaggo," in ji Auta, yana lanƙwasa harshe yadda ake faɗa a tallan.

Yaya ta ajiye cokali. "Sama kam ai sai tsuntsu, ɗan nan. Mu nan ƙasa muke."

Da na yi mata bayani, sai ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Wato abin da Kaka yake yi mana kyauta, shi ne yanzu ake sayarwa?" Gaskiyarta. A zamaninmu, ranar da aka ba da hutu, washegari an saka mu a mota sai ƙauyen kakanninmu a ƙasar Zazzau. Da safe gona, ana maimai. Da rana kiwon awaki da satar gasa masara. Da dare makarantar allo, muna kewaye da wutar kara. Mu dawo da kaushi a ƙafa da sababbin tatsuniyoyi a baki. Yau Kaka ya riga mu gidan gaskiya, gonar an raba ta gado, hanyar ƙauyen kuma ba kowa ke yarda ya bi ta da yaro ba. Guraben da wannan rashi ya bari su ne masu talla suke cikewa.

Abin da suke kwaikwayo ya samo asali daga nesa. A Amurka ana danganta farkonsa da wani malami, Frederick Gunn, wanda ya fita da ɗalibansa zaman daji a jihar Konetikat a 1861. A Ingila kuma Baden-Powell ya kai yara 20 tsibirin Brownsea a 1907, daga nan aka sami 'yan sikawut, waɗanda suka iso Najeriya a 1915. Su can lokacin da suke wannan fita shi ne lokacin da sanyi ya sake su, ana iya kwana a fili. Mu kuwa dogon hutunmu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar marka ke nan, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa, kwatoci ke ambaliya, kogin Kaduna ke cika ya batse. Don haka tun a daren na rubuta tambayata ta farko a bayan wata takarda: akwai gidan sauro?

Ranar farko muka shiga Keke Napep muka nufi Unguwar Rimi. Daga titin Isa Kaita zuwa titin Sultan, kusan kowace katangar makaranta tana ɗauke da ƙyallen talla, duk da Turanci, duk da hoton yara masu dariya waɗanda daga gani ba 'yan Kaduna ba ne. Muka shiga wadda uwar Auta ta fi yabawa. Ofis mai sanyi, kujeru masu laushi, wata budurwa mai fara'a ta miƙo mini takarda mai sheƙi. A cikin mako uku, in ji takardar, yaro zai koyi rubuta manhajar kwamfuta, da haɗa mutum-mutumi mai motsi, da Faransanci, da ninƙaya, da gasa kek, da iya magana a gaban jama'a. Kuɗin kuwa ya ninka mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024, wato naira 70,000, fiye da sau biyu.

Ban yi gardamar kuɗi ba, tambayoyi na jero. Yara nawa ne a hannun malami ɗaya? Wa ke tsayawa a bakin tafkin ninƙaya, kuma shi kansa ya iya ruwa? Ina akwatin taimakon gaggawa? In zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar rana, wane asibiti za a kai shi, da motar wa? Budurwar ta kira wani mai kwat, wanda ya saurare ni yana murmushi, sannan ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, komai mun tanada." Na ce to a nuna mini. Ya ce mai makullin ya fita.

Auta kam wurin ya tafi da shi, domin ya hango wani ɗaki mai ƙaton talabijin da kayan wasan kwamfuta. Da muka fito na tsaya sayen masara wajen wani mai gashi a tsallaken titi, na tambaye shi yadda yake ganin makarantar. Ya juya masararsa a kan garwashi, ya ce, "Yallaɓai, ni ban taɓa shiga ba. Amma in kana son sanin makaranta, kada ka zo da safe. Ka zo lokacin tashi." Muka zauna a bencinsa har ƙarfe biyu. Aka wangale ƙofa, yara suka kwararo, motoci suka cushe titi. Na ga wani saurayi ya yafito wata yarinya 'yar kamar shekara bakwai, ta bi shi suka shiga keke, maigadi yana can yana amsa waya. Wataƙila yayanta ne. Wataƙila kullum shi ke zuwa. Amma ba wanda ya tambaye shi, ba rajistar da ya sa wa hannu. Na ninke takarda mai sheƙin nan na sa a aljihu, ban sake fito da ita ba.

A hanyar komawa muka tsaya wani ɗan aji a Kawo, a saman wani shago, inda wani matashi ke koyar da kwamfuta. Na'ura shida ce kawai, da ƙaramin janareto a baranda, amma kowane yaro na gaban tasa, kuma malamin ya san sunan kowa da inda ya tsaya jiya. Da Auta mai son wannan fanni ne, da a nan na tsaya. Sai dai na lura abin da yake so a kwamfuta wasa ne, ko kallon allon da ake rubutu bai yi ba.

Rana ta biyu ta malamai ce. Muka yi azahar a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, na nuna wa Auta wurin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri ana watsawa ta Rediyon Kaduna, har rasuwarsa a 1992. Na gaya masa yadda muke zuwa da mahaifinmu cikin azumi, mu rasa wurin zama sai a bakin titi. A jikin bishiyoyi da turakun lantarki na kewayen masallacin, takardun daura sun fi a ƙirga: daurar haddar Alƙur'ani, daurar tajwidi, daurar Larabci, wasu jeka-ka-dawo, wasu na kwana.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana tara matasa a sansanin hutu, galibi a watan Disamba. Ni ma na taɓa zuwa ina sakandare. A aji muka kwana kan tabarmi, muka bi layin abinci da kwano a hannu, aka tashe mu tun kafin asuba. Abin da na fi tunawa shi ne kowane rukuni yana da babban da ke kwana tare da shi, kuma an san wanda za a tuhuma in wani abu ya faru.

Da wannan ma'auni na shiga wata daura ta kwana da aka yi mini kwatance. Takardarsu ta yi alkawarin izu goma cikin kwana arba'in. Aka karɓe mu da mutunci, aka kawo ruwa. Na ce ina son ganin ɗakin kwana da banɗaki da madafa. Wanda ya tarbe mu ya ce ba a barin iyaye su wuce zaure, don kada a ɗauke wa ɗalibai hankali. Na ce in na kawo yaro, sau nawa zan ji muryarsa? Ya ce sai ranar rufewa. Na yi godiya, na kama hannun Auta.

Ban ce suna ɓoye wani abu ba, Allah ne masani. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A Satumbar 2019, a nan Rigasa da muka sauka, 'yan sanda sun buɗe wani gida da ake kira makaranta, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu, da kyakkyawar niyya, kuma a zaure aka riƙa tsayar da su. Tun daga lokacin na ɗaukar wa kaina doka: ƙofar da aka hana uba shiga, ɗa ba zai kwana a bayanta ba.

Haka na yi da wani sansani da aka ce mini yana bayan gari, a wata gona, da tantuna da hawan doki. A hoto ya yi kyau ƙwarai. Amma Afaka ma ba nisa gare ta da Mando ba, kusa da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, kuma daga kwalejin gandun daji da ke can aka kwashe ɗalibai 39 a Maris na 2021. A Maris na 2024 aka sake kwashe yara fiye da ɗari daga makarantar Kuriga. Na tambayi mai sansanin ta waya yadda tsaron dare yake, ya ce Allah ne ke tsarewa. Na ce haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Da la'asar Yaya ta ce in leƙa wurin wani malami a Badarawa, wanda ya karantar da 'ya'yanta duka. Makarantar ba ta da ƙyallen talla. Azuzuwa huɗu ne, da rijiya mai murfi, da bishiyar darbejiya. Kafin in buɗe baki Malam ya ce, "Zo ka ga banɗakinmu tukuna, Alhaji, don shi iyaye suka fi jin nauyin tambaya." A share yake, da buta da sabulu. Sannan ya zaunar da Auta ya ce ya karanta daga inda ya iya. Yaron ya fara Sabbi, ya yi tuntuɓe sau uku, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ba zan yi maka alkawarin izu goma ba. Alƙur'ani izu sittin ne, ba a tsere a cikinsa. Haddar da aka ɗura da gaggawa, in ba muraja'a, kafin a koma makaranta ta zube. Ka ba ni shi mako biyar, daga Asabar zuwa Laraba, takwas zuwa sha biyu. In ya fita da izu ɗaya mai kyau, da bakinsa ya gyaru a kan haruffa, mun gode Allah." Na tambaye shi bulala fa? Ya ce akwai ta a ofis, shi kaɗai ke taɓa ta, kuma sai ya kira uban yaro tukuna. Ya ƙara da cewa duk ranar da na ga dama in shigo ba sai na buga waya ba, in zauna a bayan aji.

A keke Auta ya ce, "Abba, wurin nan ko fanka babu." Na ce na gani.

Rana ta uku na ce yau ba makarantar da za mu shiga, gari za mu zaga. Da sassafe muka isa Dandalin Murtala, inda aka yi hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Ƙungiyoyin ƙwallo na yara sun cika gefe-gefe, kowane koci da usur a wuya. Kaduna tana da hujjar yin alfahari da ƙwallo: Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, duk 'yan garin nan ne, kuma duk suna cikin tawagar da ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Wannan tarihi ne wasu ke kasuwanci da shi. Wani koci, ko ganin Auta da ƙwallo bai yi ba, ya ce mini yana da hanyar Turai. Wani kuwa, dattijo mai furfura, tambayarsa ta farko ita ce, "Yana da asma ko sikila? Ya karya kumallo?" Na karɓi lambar na biyun. Auta ya buga minti goma, ya dawo yana haki, ya ce shi kallo ya fi so.

Daga nan muka tafi Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya zauna har daren 15 ga Janairu, 1966, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Na yi ta zuba bayani kamar mai jagorar baƙi. Auta ya saurara da ladabi, irin ladabin da yaro ke yi in ya ƙosa. Muka leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu, ya kalli kawunan yumɓu na Nok, ya yi hamma. Na fara tunanin ko dai in mayar da shi wurin ƙaton talabijin ɗin nan kowa ya huta.

Sai da yamma muka gangara lambun Gamji a bakin kogi. Ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Ina cikin gaya masa cewa daga kadduna, jam'in kada, garin ya samo suna, sai na waiwaya ban gan shi ba. Can na hango shi tsugune a kan 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, kafin a mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, daga baya aka ciro ta aka kawo nan. Yana shafa kawunan ƙusoshin da suka riƙe ƙarafan.

"Abba, wannan ba walda ba ce. Yaya aka yi suka manne?"

Na ce ban sani ba sosai, ina jin da zafi ake dukan ƙusar har ta baje.

"To da za su kawo ta nan, kwance ta suka yi ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaukar ta aka yi gaba ɗaya? A jirgin ƙasa?"

Kwana uku ina yawo da yaron nan, ina tambayar masu kwat da malamai da koci-koci, ban tambaye shi komai ba. Ga shi yau ya yi mini tambaya uku a jere, waya tana aljihu. Na tuna yadda ya taɓa kwance mana fanka a gida aka yi masa faɗa, da rediyon da ya farke don ya ga mai magana. Abin yana gabana shekara da shekaru, ina kiran sa ɓarna.

Washegari muka nufi Tudun Wada, tsohuwar Panteka, daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Tun daga nesa kunne ke sanar da kai ka iso: guduma a kan ƙarfe, kukan injin yanka, tartsatsin walda. A nan ake narka tsohon alminiyam a zuba tukwane, a mayar da ganga akwati, a ƙera injin niƙa da ƙofofi da baro da injin gyaran hatsi. Abin da gari ya zubar, Panteka ta tashe shi. Aikin nasu ya kai har kwalejin da ke maƙwabtaka da su ta shiga haɗin gwiwa da su domin a riƙa ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Auta ya saki baki. Sau biyu ina janye shi daga gaban masu turo baro.

Akwai wani abokina na ƙuruciya a can, tare muka yi firamare, yanzu yana da rumfa da yara shida a ƙarƙashinsa. Bayan mun gama tsiyar yaushe rabo, na faɗa masa buƙatata. Ya girgiza kai. "Ni ba na karɓar ɗan hutu. Sana'a ba wasan yara ba ce, wurin nan kuma akwai wuta, akwai kaifi." Wannan ƙin da ya yi shi ya fara kwantar mini da hankali, domin duk inda na je a kwana ukun nan hannu biyu aka miƙo tun kafin a ga yaron. Muna cikin magana sai ya lura Auta ya ɗauki wani fallen ƙarfe yana gwada shi da wani, yana neman inda suka saɓa. Ya daɗe yana kallon sa.

Sannan ya gindaya sharuɗɗa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ba zai taɓa injin yanka ba, ba zai kalli wutar walda ba sai da tabarau. Awo zai koya, da zana layi, da riƙon guduma da magagari. Ba za a aike shi sayen abinci ko ɗaukar kaya ba, domin koyo ya zo, ba bauta ba. Ranar da shi maigidan ba ya nan, yaro ya zauna gida. Kuma babban ɗan Yaya ne zai kawo shi ya zo ya ɗauke shi, in wani ya zo ba zai ba shi ba, ko da ni na aiko, sai ya ji muryata. Na ce nawa zan biya? Ya harare ni. "Ka saya masa takalmin dai."

Da dare muka baje shawara a tsakar gidan Yaya. Asabar zuwa Laraba, wurin Malam a Badarawa. Alhamis da safiyar Juma'a, da yake ranakun hutun makarantar Alƙur'ani ne tun kaka da kakanni, Panteka. Da yamma ƙwallo a layi da yaran unguwa, in ya ga dama. Kwana a ɗakin 'ya'yan Gwaggo, cikin gidan sauro. Waya kuwa sai bayan isha'i, rabin awa, ya kira uwarsa. Na tambayi Auta ko ya yarda. Ya ce in za a bar shi ya je Panteka, ya yarda da rashin fankar.

Uwarsa ce ba ta yarda da wuri ba. "Wato duk yawon nan da ka yi, Panteka ka kai mini ɗa? 'Ya'yan mutane na koyon kwamfuta?" Na ce mata ɗan wani kwamfutar ce za ta karɓe shi, na ma ga inda ake koyar da ita tsakani da Allah. Namu dai ƙarfe ya kira shi. Yaya ta karɓe wayar, suka shige ɗaki. Ban san abin da ta gaya mata ba, na dai ji suna dariya daga baya.

Bayan mako biyar na dawo ɗaukar sa. Sau ɗaya zazzaɓi ya kama shi, Yaya ta kai shi aka gwada jini aka ba shi magani, Malam da kansa ya zo dubiya. Izu ɗayan bai cika ba, saura surori biyu, amma da ya karanta mini sai da na sunkuyar da kai. Ya yi baƙi, ya rame kaɗan, akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na hagu wanda yake nunawa kamar lambar yabo. A bakin titi na ji shi yana ciniki da mai keke: "Haba Malam, Rigasa ce fa, ba Zariya ba."

A tasha, mai binciken kaya ya taɓa wani buhu da Auta ya rungume, ya ji ƙarfe, ya ce a buɗe. Kurfoti ne, ɗan madaidaici, ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta.

"Wannan fa? A Abuja ba ku da gas ne?"

"Ni na ƙera shi," in ji Auta.

Mutumin ya juya shi sama da ƙasa, ya duba bakin da aka lanƙwasa, ya mayar cikin buhu, ya ce mu wuce.

Yana nan a barandarmu yanzu, an tokare gajeriyar ƙafar da dutse. Uwarsa, wadda ta ce ba za a shigo mata da gawayi gida ba, ita ke gasa masara a kai duk yamma. Auta ya ce in an yi hutun Disamba zai koma ya gyara ƙafar.